Rolex ɗin matuƙin jirgi a kan naira dubu 900: in saya ko in bari?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mai harkar riɗi da zoɓo a wani ƙauye na ƙasar Gumel ya rubuto cewa kakar bana ta yi masa kyau, kuma ya daɗe yana sha'awar agogunan matuƙa jirgin sama. Wani dillali ya turo masa hoton tsohon Rolex GMT-Master ta WhatsApp, mai zobe ja da shuɗi a kewayen fuska, ya ce na wani tsohon matuƙin jirgi ne da ya rasu. Kuɗinsa naira dubu 900, amma sai an tura rabi kafin a kawo. Yana tambaya ko ya saya, ko gaskiya ne irin wannan agogo ajiyar kuɗi ne, da kuma yadda zai yi da tsohon Seiko 5 na mahaifinsa marigayi wanda ya daɗe a tsaye.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa albarka a abin da aka samu.

Kada ka tura rabin nan, kada ka tura ko kwata. Ba sai na ga hoton ba, farashin kaɗai ya ishe ni shaida. Tsohon GMT-Master mai zobe ja da shuɗi, wanda masu harkar ke kira da lambarsa 1675, kamfanin Rolex ya yi shi ne daga 1959 zuwa 1980, kuma yau mai lafiya a cikinsu yana haura dala 10,000 a kasuwar duniya. Ka buga wannan da canjin yau ka gani. Dillalin da ya iya sunan agogon, har ya san ya ɗaura masa labarin matuƙin jirgi, ya iya duba farashinsa a waya cikin minti ɗaya. Wanda ya san kayansa ya haura naira miliyan 10 ba zai biyo ka har ƙasar Gumel yana lallashinka da dubu 900 ba. Ɗayan uku ne: ko jabu, ko na sata, ko kuma babu agogon gaba ɗaya, hoto ne aka tsinto a intanet. A cinikin "turo rabi tukuna" na ukun ne ya fi yawa. Ba a cinikin biri a sama.

Abin da ya sa labarin yake shiga kunne shi ne yana da ƙamshin gaskiya. Kano tsohuwar mashigar jirage ce. Tun a Nuwamba 1925 jiragen sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a can, daga baya jiragen fasinja irin na KLM da BOAC suka riƙa yada zango, ga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun 1964, ga Nigeria Airways da ma'aikatanta. Ba mamaki a samu agogon matuƙi na gaske kwance a durowar wani gida a Nasarawa ko Bompai. Amma labari ba ya ƙara wa agogo ko naira sai da abin da ke tsaya masa: iyalan da za ka je ka gaisa da su, hoton mamacin da agogon a hannunsa, tsohon rasit. Magadan da suke da irin wannan kaya kuwa ba sa sayar da shi ta hannun wanda ba ya son a ga fuskarsa.

Tunda na ga sha'awarka ta gaske ce, bari in ɗan tsaya a kan abin da ya sa ake ce wa agogo na matuƙa jirgi, don sanin wannan kaɗai zai kare ka daga rabin tarkacen da ke yawo. Kowace siffa a jikinsa matsala ce aka magance. A 1904 Louis Cartier ya yi wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, ɗan Birazil, agogon ɗaurawa a hannu saboda ba ya iya sakin abin tuƙi ya laluba aljihu. A yaƙin duniya na biyu kamfanoni biyar, wato A. Lange & Söhne da IWC da Laco da Stowa da Wempe, suka yi wa sojan saman Jamus wani ƙaton agogo mai faɗin milimita 55. Fuskarsa baƙa, lambobinsa farare manya, da alamar kusurwa uku a gurbin 12 don ko a duhu mutum ya san ina ne sama. Kan waninsa, wato maɓallin gefe da ake murzawa a ba agogo ƙarfi, babba ne don a murza da safar hannu, madaurinsa dogo don a ɗaura a kan rigar sanyi. A 1948 IWC ya fitar da Mark 11 don sojan saman Ingila, aka rufe injinsa cikin wani gida na ƙarfe mai laushi saboda maganaɗisun na'urorin jirgi kada ya rikita shi. Breitling Navitimer na farkon shekarun 1950 yana da zoben lissafi da matuƙi ke auna mai da gudu da nisa. Shi kuwa GMT-Master ya zo ne wajen 1955, lokacin da jiragen kamfanin Pan Am na Amurka ke dogayen tafiye-tafiye suna ratsa lokuta daban-daban. Aka ƙara masa hannu na huɗu mai kan kibiya wanda ke zagaya fuska sau ɗaya a awa 24, ja a zoben yana nuna rana, shuɗi yana nuna dare.

Ka ga ke nan agogon da aka cika wa fuska da duwatsu masu ƙyalli har ba ka iya karanta lokaci, ko me aka rubuta a kansa, ba daga wannan gida ya fito ba. Hannun nan na huɗu kuma yana da amfani ko ga wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Makka tana gaban mu da awa 2, Dubai da 3, ƙasar Sin da 7. Mai riɗin da kayansa ke ƙarewa a hannun 'yan Sin zai iya sanin ko sun tashi daga ofis da kallo ɗaya. A jabu mai arha za ka tarar hannun ko dai a manne yake ba ya motsi, ko yana bin hannun awa sau biyu a rana.

To, maganar gane jabu. Dabarun da iyayenmu suka sani sun mutu. A da ana cewa ka ɗaga ka ji nauyi, ka kalli hannun sakan ko yana tafiya sumul ko yana tsalle. Masu yin jabun yanzu sun wuce nan. Suna sa inji otomatik mai bugawa sau 8 a sakan kamar Rolex na zamani, nauyi ya yi daidai, kwali da kati da rasit duk ana bugawa. Kwalin asali ma ana sayar da shi daban, don haka kwali ba shaida ba ne. Akwai alamomin da har yanzu suke kama na banza-banza: tsohon GMT ba ya da gilashi a baya, marfinsa ƙarfe ne sumul ba rubutu ba zane, ɗan kumburin gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi, har ta cika tagar, lambar samfuri tana tsakanin ƙafafun da ke riƙe sarƙa ta wajen 12, lambar agogon kansa ta wajen 6, sai an cire sarƙa ake gani. Amma wanda ya ci waɗannan jarrabawa bai zama na asali ba tukuna. Sai an buɗe.

Kuma ni a wurina jabu tsantsa ba shi ne babban abin tsoro ba ga mai son tsofaffin agogo. Babban abin tsoro shi ne ɗan haɗi. Gidan na asali, injin na asali, amma fuskar ta wani agogon ce ko an sake mata fenti, hannayen na wata shekara, zoben na kasuwa. Kowane yanki ka taɓa mai sayarwa zai iya rantse maka a kansa, amma agogon bai taɓa fitowa daga masana'anta a haka ba, kuma kuɗinsa na iya faɗuwa ƙasa da rabi. Daga Indiya ana fitar da irin waɗannan da yawa, musamman tsofaffin Seiko da Citizen da Oris da HMT, fuska shar da launin da kamfanin bai taɓa yi ba. Suna cika shafukan sayar da kaya, suna kuma shigowa kasuwanninmu.

Ga yadda nake duba fuska idan an kawo mini. In sa madubin ido, in juya agogon wajen hasken ƙofa, in fara da ƙananan rubutun da ke can ƙasa da lamba 6. A fuskar asali haruffan sirara ne, bakinsu kaifi, tazararsu ɗaya. A wadda aka sake wa fenti za ka ga harafi ya yi kauri, tawada ta ɗan malala a gefe, wani layin minti ya fi ɗan'uwansa tsawo, wani lokaci har fenti ya hau gindin lambobin ƙarfe domin mai aikin bai cire su ba. Sai in koma kan abin da ke haske a duhu. Launinsa a hannaye da a fuska ya kamata su tsufa tare, su yi ruwan ƙwai ko ruwan ƙasa iri ɗaya. Idan fuska ta yi ruwan ƙwai hannaye kuma fari fat, an canza ɗaya. Agogunan Siwizalan daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen 1990 da wani sinadari mai suna tiritiyam ake yi musu wannan haske, shi ya sa za ka ga harafin T kusa da SWISS. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk shekara 12 da 'yan watanni, don haka na 1970 ya riga ya mutu. Ka haska shi da tocila ka shiga ɗaki: na asali zai ɗan yi haske ya dushe nan da nan. Wanda ya kwana yana walƙiya kore shar, an taɓa shi.

A nan akwai gargaɗin da ba na wasa da shi. Agogunan da suka girmi 1960, musamman na soja da na jirgi, da wani sinadari mai guba, radiyam, aka shafa musu lambobi. Hasken ya daɗe da mutuwa amma gubar tana nan, don radiyam sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Haɗarin yana cikin garin da ke ɓarɓashewa idan an buɗe, a shaƙa ko ya shiga baki. In ka taɓa mallakar irinsa, kada ka buɗe shi da kanka, kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko inda yara ke wasa, in gilashin ya fashe a ƙulle shi a leda.

Bayan jabu da ɗan haɗi sai na uku, na asali da aka lalata da kyakkyawar niyya. Mu nan muna son abu ya yi ƙyalli. Mutum zai kai tsohon agogo a ce za a "wanke" masa, a ɗora a injin goge ƙarfe har kusurwoyin ƙafafunsa su narke su zama kamar an tsotse, lambar da ke baya ta shafe. Ya dawo yana sheƙi, mai shi yana murna, alhali an ci rabin darajarsa. Masu tara agogo sun fi son ƙarce na shekara hamsin a kan sheƙin jiya, domin ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

Idan wata rana ka tashi sayen babban agogo da gaske, ka tafi da ƙafarka, da rana, tare da mai gyaran da kai ka zaɓa, ba wanda mai sayarwa ya nuna maka ba. A buɗe baya a gabanka, a ga sunan kamfani da lambar inji, a duba ko lambar ta dace da samfurin da shekararsa. A ɗora shi a na'urar auna bugu idan akwai. Agogon da ke da shaidar daidaito ta Siwizalan ana yarda masa ya yi jinkirin sakan 4 ko gaggawar sakan 6 a rana. Tsoho in ya tsaya cikin sakan 20 zuwa 30 ba laifi. A rubuta takarda da sunan mai sayarwa da lambar agogon da sharaɗin mayarwa, da shaidu. Akwai rumbunan bayanai a intanet da ake duba lambar agogon da aka yi rahoton sacewa, a duba. Mai gaskiya ba ya jin haushin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ce buɗewa zai ɓata agogon, ko ya ce akwai wani Alhaji da ke jira da kuɗi a hannu, ka ce Allah Ya ba Alhajin sa'a.

Yanzu maganar ajiyar kuɗi, wadda ita ce na fi so ka saurara. Labaran da ke yawo gaskiya ne. A Oktoba 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman a kan dala miliyan 17.8. Amma wannan agogo ɗaya ne, na mutum ɗaya sananne. Mafi yawan agogunan alfarma, har da manyan sunaye, ranar da ka fita da su daga kanti ranar suke fara faɗuwa. 'Yan ƙalilan da suke tashi su ma ba tabbas: farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabi har zuwa farkon 2022, daga nan ya gangaro, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara. Za a ce maka tun da naira ta faɗi a 2023 duk abin da ake yi wa kuɗi da dala ya tashi. Haka ne, a takarda. Tambayar ita ce wa zai saya daga hannunka, a ina, cikin kwana nawa.

Ka auna da abin da ka sani. In ka sa kuɗin a sa, ranar da buƙata ta taso ka kora shi Maigatari ranar Alhamis, masu taya sun fi a ƙirga, kowa ya san kuɗin sa, kafin la'asar kuɗinka na aljihu. In Navitimer ne a hannunka fa? A duk kasuwannin da kake ci babu mai taya shi da kuɗinsa. Sai ka shiga Kano, galibi ma sai Abuja ko Legas, ka tarar da dillalin da ya ga alamar matsuwa a fuskarka, ya san ba ka da wani wurin zuwa, ya yanka maka farashin da shi zai ci riba in ya sayar. Kafin nan ka biya kuɗin sabis, ka kwana da fargabar ɓarawo a kan abin da ke shiga aljihun yaro. Masu cin riba a wannan harka su ne waɗanda suka san kaya fiye da mai sayarwa kuma suke da masu saye a waya. Don haka kuɗin jarin riɗi kada ya shiga agogo. Abin da zai shiga shi ne wanda in ya tafi gaba ɗaya ba zai hana ka sayen kaya a kaka mai zuwa ba.

Abu biyu da suka shafi addini, a taƙaice. Yawancin agogunan alfarma na da akwai na zinare, kuma ka san hukuncin zinare ga namiji. In ka ga 750 a cikin marfi zinare ne mai karat 18, 585 karat 14, 375 karat 9. In an rubuta cewa bayan ne kawai ƙarfe mara tsatsa, to jikin ko ya yi kama da zinare ruwan gwal ne aka shafa. Sannan wanda ya saya don sawa da wanda ya tara don sayarwa ba hukuncinsu ɗaya ba wajen zakka. Ka zauna da malaminku a kan duka biyun kafin ka saya, ba bayan ka saya ba.

Ko da an ba ka na asali kyauta, akwai tambayar yadda zai rayu a inda kake. Tsohon agogo ba ya jure ruwa, ko an rubuta a bayansa cewa yana jurewa, domin robobin da ke toshe shi sun bushe tun tuni. Mu kuwa sau biyar muke alwala. Ka cire shi kafin ka taɓa buta, kullum, kuma ba a bakin rijiya ba. In ka ga hazo ya kwanta a cikin gilashi, kada ka jira ranar kasuwa. Tsatsa tana fara cin inji cikin 'yan kwanaki. Ƙurar hunturu tana shiga ta gindin kan wani, ta haɗu da mai ta zama abin da ke cinye ƙusoshin inji a hankali. Zafin bazara yana busar da mai, gumi yana cin madaurin fata cikin shekara guda, shi ya sa sarƙa ko madaurin zare ya fi dacewa da mu. Girgizar babur a kan hanyar burji, da sara da fartanya, da ɗaga buhu, duk ba abokan tsohon inji ba ne.

Sai maganaɗisu, wanda ya fi kowanne yawan kawo mini mutane. Agogo lafiya lau, kwatsam ya fara gudu da minti biyar ko goma a rana. Mai shi ya ɗauka ya lalace. Na tambaya ina yake kwana, sai a ce a kan rediyo, ko a kan lasifika, ko tare da waya. A cikin injin akwai wani siririn sifirin mai kaurin gashi da ke naɗewa yana warwarewa; in ya kama maganaɗisu sai zagayensa su manne da juna, ya gajarce, bugu ya ƙaru. Ka kawo agogon kusa da kamfas ɗin duba alƙibla, in allurar ta juya ta bi shi, ka gano ciwon. Cire shi aikin 'yan daƙiƙu ne ga mai na'urar, ba sai an kwance komai ba.

Mai gyara kuwa, ka same shi kafin ka sami agogo. Tsohon inji yana son sabis duk shekara 4 zuwa 5, kuma sabis na gaskiya shi ne a kwance shi ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a duba kowane haƙori, a ɗiga mai iri-iri a gurabe daban-daban, kowane ɗigo bai kai kan allura ba. Abin da ake yi a teburan kasuwa da yawa shi ne a tsoma injin ɗungurungum a fetur, a hura, a zuba man keken ɗinki. Zai tashi ya yi wata uku yana tafiya, daga nan man ya bi ya jiƙa sifirin ya taɓa fuska. Ka dubi teburin mutum: yana da abin buɗe marfi ko da wuƙa yake ɓanɓara? Yana rufe kayan da ya kwance ko suna shan ƙura? Akwai masu hannu na ƙwarai a cikin birnin Kano, tsofaffin da suka koya tun zamanin da kowa agogon da ake yi wa wani da hannu yake ɗaurawa, amma ko su za su gaya maka cewa manyan kamfanonin Siwizalan sun matse hannu wajen sayar da kayan gyara ga na waje. Ƙaramin abu in ya karye a Rolex ko IWC, sai an yi odarsa da dala, a yi ta jira.

Wannan ya kawo mu kan agogon Baba, wanda ni da shi zan ce ka fara. Da farko, in ba a sa shi cikin rabon gado ba, ka sanar da 'yan'uwanka a daidaita, ko da kuɗinsa kaɗan ne. Kuma kaɗan ɗin ne. Seiko 5 an yi shi da yawan gaske tun 1963, alhazanmu sun yi ta shigowa da shi daga Saudiyya tare da Rado da Orient da Citizen, da yawa ranakunsu da Larabci da Turanci. Ba zai sa ka kuɗi ba. Amma zai koya maka duk abin da na lissafa a sama ba tare da ka yi asarar miliyoyi ba, kuma ka san asalinsa, abin da ba za ka taɓa sani ba game da na dillali.

Juya bayansa. Za ka ga lambobi biyu. Ɗaya mai gida biyu da ɗan layi a tsakani, misali 6309 ko 7009 sannan wasu lambobi huɗu. Na farkon sunan injin ne. Ɗayar mai lamba shida ita ce ta agogon. Lambar farko ita ce ƙarshen shekarar da aka yi shi, ta biyu wata ne: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, O Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. In ka ga ta fara da 7N, Nuwamba ne na shekarar da ta ƙare da 7, injin kuma yakan taimaka wajen gane ko 1977 ce ko 1987. Inji 6119 na ƙarshen shekarun 1960 ne zuwa na 1970, 6309 ya fara a 1976, 7S26 kuwa sai 1996. Da wannan za ka iya gane ko a hajjin da ake ba da labari aka sayo shi ko daga baya.

Yawancin tsofaffin Seiko 5 ba sa karɓar wani da hannu, don haka kada ka yi ta murza kan kana cewa ya mutu. Ka riƙe shi a tafin hannu ka kaɗa a hankali hagu da dama na rabin minti. In hannun sakan ya motsa, da ransa. Amma kada ka ɗaura ka ci gaba da yawo, don man cikinsa ya bushe, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Kada kuma ka canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba a lokacin da agogon ke nunawa, saboda a sa'annan haƙoran canjin suna cikin aiki, tilasta su yana karya su. In ka kai sabis ka faɗa da bakinka: a wanke inji, a sa sababbin robobi, gilashi in ya tsage a canza, amma ba goge jiki, ba fenti, ba canza hannaye. Duk abin da aka cire a ba ka a leda.

In kuma zuciyarka ta kafe a kan na matuƙa jirgi, akwai hanyar da ba ta kai miliyoyi ba. Laco da Stowa, biyu daga cikin kamfanoni biyar ɗin can, har yau suna yin irin wancan agogo a girman da hannu zai ɗauka, a kan kaso kaɗan na kuɗin IWC. Seiko da Orient suna da masu irin wannan fuska da suka fi su sauƙi, kuma injinsu kowane mai gyara na kirki a Kano ya san shi. Wanda na fi ba mutumin karkara shawara a kai shi ne Citizen Eco-Drive na jirgi, mai cin hasken rana: ba a yi masa wani da hannu, ba canjin batir kowace shekara, wanda ke nufin ba a yawan buɗe shi balle ƙura ta shiga. Masu tara agogo za su ce ba shi da ran inji mai sifirin, kuma da gaskiyarsu, amma ba su ne za su yi tafiyar Gumel zuwa Kano saboda sabis ba. Ka sayi sabo daga kantin da za ka iya komawa, ka auna faɗinsa da hannunka kafin ka biya. Yawancin hannayenmu milimita 38 zuwa 42 ne ke zama musu daidai, ƙaton nan mai 46 kuwa ba ya shiga ƙarƙashin hannun kaftani.